Cikin Badala da Bayanta: Wace Kano Muke Nazarta?

Duk shekara idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, akwai kanun da ba sa ɓacewa daga teburin malamin Hausa a Kano: al'adun aure a birnin Kano, sana'ar rini a Ƙofar Mata, hawan Sallah, tarihin wannan ƙofa ko waccan. Na ɗauki al'adar tambayar ɗalibin da ya kawo irin wannan batu inda yake kwana. Sai in ji Rijiyar Zaki, ko Sheka, ko Kurna, ko Hotoro, ko Gaida, ko Mariri. Kaɗan ne suke ambaton wata unguwa ta cikin badala. Idan na ce me ya hana ka rubuta a kan unguwarku, amsar kusan iri ɗaya ce: "Malam, ai unguwarmu ba ta da al'ada." Wannan jimla ita ta sa ni wannan rubutu, domin yaron bai ƙage ta ba. Mu muka koya masa ita, da jerin littattafan da muke ba shi da misalan da muke kawowa a aji.

Ra'ayina shi ne, rabon da muka gada na birni da ƙauye, ko birni da waje, ya daina bayyana Kano. Mafi yawan Kanawa a yau suna zaune ne a wani wuri na uku, wanda yake da nasa hali da ɗabi'a, kuma a can ake ƙera Hausar gobe da al'adarta, alhali mu manazarta muna tsaye a bakin karofi da littafin rubutu a hannu.

Mu fara da suna, tunda aikinmu ke nan. Bahaushe yana da birni, da gari, da ƙauye, da unguwa, da tunga, da zango. Yana da karkara, wadda asalin ma'anarta ita ce ƙasar noma mai cike da gidaje da ke kewaye da birni, kafin ma'anar ta faɗaɗa ta zama kishiyar birni baki ɗaya. A Kano kuma akwai "waje", wadda a bakin mutumin cikin gari take nufin Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa da makamantansu. Amma Ɗorayi ta yau fa, ko Na'ibawa? Ba wanda zai kira su ƙauye, mutanensu kuma ba sa jin su 'yan waje ne da waccan tsohuwar ma'ana. "Bayan gari" tana ɗauke da wani wari da ba mai son a shafa wa unguwarsu. Sai muka fake da "sababbin unguwanni", alhali wasunsu sun haifi 'ya'ya sun ga jikoki. Idan harshe ya rasa sunan wurin da miliyoyin masu magana da shi suke kwana, wannan kaɗai ya isa batun nazari.

Birnin da muke auna kome da shi sananne ne. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda kuma ake danganta masa gidan sarauta da Kasuwar Kurmi, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Lokacin da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma ga cewa babban ɓangare na cikin ganuwar gonaki ne da fili. Wato ganuwa ta fi garin girma. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai suka bar birnin ga sarki, suka zauna a Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo dogo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa tun kafin Turawa zango ce ta fatake. Daga nan rabon birni da waje ya samu gindin zama a mulki da shari'a da zukatan mutane, kuma shi John Paden ya tarar lokacin da ya yi binciken da ya zama littafinsa na 1973 a kan addini da siyasar Kano. Rabon ya dace da zamaninsa.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, mutum kimanin miliyan 2.8. Ukun farko, waɗanda ganuwa ta ratsa, ba su kai rabin wannan adadi ba, kuma su kansu suna ɗauke da manyan unguwanni na bayan ganuwa kamar Sharaɗa da Ɗorayi. Wadda ta fi kowace yawan jama'a a lokacin ita ce Nasarawa, wadda ba ta da ko taku ɗaya a cikin badala. An daɗe da yin wannan ƙidaya, kuma duk wanda ya bi titin Gwarzo ko na Zariya ko na Haɗeja ko na Katsina ya san inda gini ya nufa tun daga lokacin.

To, mene ne bambancin halin wuraren biyu? A nawa ganin tushensa guda ne. A cikin gari an san mutum kafin ya iso. A sabuwar unguwa sai ya gabatar da kansa.

Yaron da aka haifa a Yakasai ko Madabo ko Daneji ya tarar da sunansa yana jiransa. Tsohon da ke zaune a dakali ya san kakansa, ya san wa ya auri gwaggonsa, ya san bashin da aka yafe wa gidansu shekara arba'in da suka wuce. Sunayen unguwannin ma bayanin mutane suke yi. Wasu suna faɗin asali, kamar Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Ayagi da Sharifai da Dandalin Turawa, inda "Turawa" ke nufin Larabawan arewacin Afirka tun kafin kalmar ta koma kan mutanen Turai. Wasu suna faɗin sana'a, kamar Dukawa da Soron Ɗinki, wasu kuma sarauta, kamar Galadanci da Tudun Wazirci. Idan mutum ya faɗi unguwarsu ya faɗi rabin tarihinsa, shi ya sa ɗan birni yake liƙa sunan unguwa a ƙarshen sunansa, muka sami su Tanko Yakasai da M. K. M. Galadanci.

Dubi sunayen bayan ganuwa kuma: Ɗorayi, Kurna, Kawo, Giginyu, Rimin Gata, Rimin Kebe, Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Gandun Albasa. Itatuwa ne da rijiyoyi da gandaye, sunayen da manomi da makiyayi da mai jaki suka raɗa domin su gane hanya. (Cikin gari ma yana da nasa Durumin Iya da Cediyar 'Yangurasa, ban musa ba, maganar rinjaye nake yi.) Ɗorawar ta tafi, rimin ya faɗi, sunan ya zauna a kan bulo da kwano. A kan waɗannan kuma sai ga wani sabon zubi na suna da ya fito daga bakin direba da kwandasta: Janbulo, Sabon Titi, Kwanar Ungogo, Gadar Lado, layin kaza, bayan gidan mai. Waɗannan sunaye kwatance suke yi wa mai neman wuri, ba ruwansu da ko su wane ne mazaunansa. Mai nazarin sunayen wurare yana da zubi uku a jere a nan, na manomi da na mai awon fili da na direba, kuma dattawan da suka san dalilin zubin farko suna ƙarewa.

Bambancin ya fi fitowa a ginin gida. Soron gidan cikin gari, wanda wasu ƙasashen Hausa suke kira zaure, ɗaki ne da ba na gida ba ne ɗungurungum, ba kuma na titi ba. A nan ake karatun allo da na ilimi, a nan maɗinki yake zama, a nan ake sauke baƙo, a nan ake sulhu, a nan maza suke haɗa akushi da dare. Mai gida yana iya ganin kowa ba tare da kowa ya ga iyalinsa ba. Sabon gida ya maye gurbin soro da get na ƙarfe da falo. Get ba ya karɓar baƙo, tsayar da shi yake yi. Falo kuwa yana can ciki, don haka wanda za a shigar sai an tace shi. Tsakanin wanda aka tsayar a rana da wanda aka shigar kan kujera babu matsakaicin matsayi, kuma mafi yawan hulɗar maƙwabtaka a wannan matsakaicin matsayi take rayuwa. Almajiri da mai talla da maƙwabcin da ya zo aron tsani duk mutanen soro ne. Na yi imani da yawa daga abin da muke kira mutuwar zumunci rashin wurin zama ne kawai. Shaida ita ce yadda mazauna sababbin unguwanni suke ƙirƙiro wa kansu soro a wasu wurare: bencin mai shayi, da inuwar masallacin layi tsakanin magariba da lisha, da majalisar ƙofar wani dattijo da ya gina dakali da gangan.

Ni kaina a cikin gari aka haife ni, kuma na yi gini a yamma da ganuwa kamar yawancin tsararrakina. Shekarar da na tare, wani maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu ya yi rashin mahaifiyarsa da take zaune a wurinsa. Ban ji ba sai bayan kwana biyu, domin da asuba aka ɗauki gawar aka kai ta gidansu na gado a cikin gari, can aka yi mata sutura, can aka yi zaman makoki. Na je na yi ta'aziyya ina jin kunya, shi ma yana jin kunya, kowa yana ba ɗan'uwansa haƙuri. Ba wanda ya yi laifi a cikinmu. A zuciyarsa nan wurin kwana ne, can ne gida. Haka katin ɗaurin aure yake nunawa: amarya ta tashi a Hotoro, amma za a ɗaura a ƙofar gidan kakanta a Sheshe. Da yawa ma can suke komawa su jefa ƙuri'a. Sabuwar unguwa ta samu jikin mutum, haihuwarsa da aurensa da mutuwarsa kuma suna hannun birni.

Wannan kuwa hali ne na tsara ɗaya, kuma na ga alamar yana wucewa. 'Ya'yanmu ba su san lungunan da muka sani ba. Idan an kai su cikin gari ranar Sallah baƙi ne, suna toshe hanci a bakin kwata, 'yan'uwansu suna yi musu dariya. Ranar da tsohuwar da ta riƙe gidan gado ta rasu aka raba gidan, ko aka sayar wa ɗan kasuwa ya mai da shi wurin ajiye kaya, igiyar ta tsinke. Kuma tuni sunayen bayan ganuwa suka fara hawa ƙarshen sunayen mutane. Rijiyar Lemo a yau suna ne da ake jin sa a kan manyan malamai, haka Ɗorayi da Hotoro. Unguwa ta zama asali ke nan.

Akwai hukuncin da aka saba yankewa a majalisa da gidajen rediyo, cewa cikin gari ne matattarar tarbiyya, sababbin unguwanni kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ban yarda da shi ba, ko da yake na san inda ya samo ƙarfinsa. Gaskiya ne ɗa na kowa ne a lungu, kuma maƙwabci yana iya tsawata wa yaron da ba nasa ba. Amma idon da yake tsare yaro shi ne kuma yake tsare babba a inda aka ajiye kakansa. Sanin asali yana tafe da gorin asali. Mun san auren da aka fasa domin wata tsohuwa ta tuna cewa kakan yaron bawa ne, ko mahauci, ko baƙo ne da ya zo da buzu. Mutane da yawa da suka fita bayan ganuwa ba ƙuncin ɗaki kaɗai ya kore su ba. Sun je neman wurin da za a auna su da abin da suka zama. Matar da ta fita daga gidan gandu mai sassa goma, inda uwar miji da matan 'yan'uwan miji suke ƙirga naman miyarta, ba ta kallon get ɗinta a matsayin kurkuku. Kafin mu yi mata kukan zumunci ya kamata mu tambaye ta. Sannan daba da shaye-shaye ba su tsaya neman izini a Ƙofar Kabuga ba, suna ciki suna waje.

Abin da na fi jin tsoro game da bayan ganuwa wani ne daban. A cikin gari attajiri da talaka katanga ɗaya suke raba. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, a Koki yake, a tsakiyar mutane. Mai kuɗi yana jin kukan yaron maƙwabci da dare, kuma ko bai so ba kunya za ta sa ya aika. A bayan ganuwa kuɗin fili ne yake zaɓa wa mutum maƙwabci. Shi ya sa kuskure ne a yi maganar "sababbin unguwanni" kamar abu ɗaya ne. Akwai awon gwamnati, mai faɗin titi da takardar mallaka da wurin da aka ware wa makaranta, ko da daga baya an yanka shi an sayar. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona da dillali suke yanka fuloti yadda ya yi musu, a bar hanyar da mota ɗaya ba ta wucewa sai da addu'a, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, wani lokaci babu maƙabarta. A nan mafi yawan talakawan Kano suke samun matsuguni, kuma cunkoson wasu unguwannin awon igiya ya kai na cikin gari ko ya fi, ba tare da tsohuwar sanayyar da take sauƙaƙa cunkoso ba. An yi wa Kano tsarin shekara ashirin, na 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna. Gari dai ya bi igiya ya bar takarda. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 sun nuna yadda hukuma take hango bayan gari, amma mai tura kura da malamin firamare ba can suka nufa ba.

Duk da haka, a waɗannan unguwanni na awon igiya ne na ga abin da ya fi ƙaryata maganar ɗalibina. Inda hukuma ba ta zo ba, mutanen da ba su haɗa kaka ba sun zauna sun yi wa kansu tsari. Ana kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, a yi karo-karo a sayi taransifoma, a zuba ɓaraguzai a hanya kafin damina, a ɗauki 'yan sintiri a riƙa biyansu gida-gida. Wanda ya haƙa burtsatse ya fito da famfo ɗaya waje saboda Allah, masu kura su sayi sauran su kai lungu. Masallacin layi ya zama majalisar dattawa, Islamiyya ta zama inda mata suke sanin juna, zauren WhatsApp na unguwa ya karɓi aikin sanƙira. A da masallacin Juma'a ɗaya ne a cikin ganuwa, na kusa da fada, kuma zuwa can wani nau'in mubaya'a ne. Yanzu kusan kowace babbar unguwa da nata. Zawiyoyin ɗariƙu sun yi saiwa a tsofaffin unguwanni irin su Kabara da Koki, sababbin ƙungiyoyin wa'azi kuwa sun fi samun fili inda ba a gaji malami ba, inda mutum yake zaɓen wanda zai saurara. Ba ina auna wanne ya fi ba ne. Ina cewa ne maƙwabtakar da aka gada da wadda aka ƙulla da hannu ba hali ɗaya suke haifarwa ba, kuma ta biyun ma al'ada ce, tana da ƙa'idojinta da kalmominta da rigingimunta.

Ga mai nazarin harshe kuwa abin ya fi daɗi. Mun saba cewa Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Wane Kananci? Yaron da ya tashi a Kurna ko Dakata yana wasa da ɗan Bakatsine da ɗan Bazazzagi da ɗan Bahaɗeje da ɗan Damagaram, da yaran da iyayensu Kanuri ne ko Nupawa ko Igbira ko Fulani, waɗanda Hausa ce harshensu na farko amma ba ita ce ta iyayensu ba. A bakinsu ake yanke hukuncin abin da zai rayu: ko jinsin mace zai tsaya daram a nahawu ko zai raunana kamar yadda ya yi a Zazzaganci da Bausanci, da waɗanne kalmomin aro za su zauna. Kalmomin dangantaka sun riga sun motsa. Inna da Iya da Gwaggo da Kawu suna ja da baya a gaban Momi da Ummi da Anti. Alkunyar ɗan fari ma tana neman gagara, kuma dalilin a fili yake: alkunya tana buƙatar kaka ko gwaggo da za a miƙa wa yaron. Matar da take ita kaɗai da jaririnta a gida mai get, wa za ta bar wa shi don ta nuna kara? Dole ta ɗauke shi, ta yi masa wasa, ta kira sunansa. Tsarin gida ya canja ɗabi'a, ɗabi'a ta canja magana.

Haka sha'anin sana'ar mata. Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta yi a unguwannin cikin gari a shekarun 1970 yadda matan kulle suke gudanar da kasuwanci ta hannun yara masu talla. Wannan tsari yana buƙatar lungu, da gidaje kusa da juna, da yaran da kowa ya san na gidan wane ne. Matar sabuwar unguwa tana sayar da atamfa da turaren wuta da cincin ta waya, ɗan a-daidaita-sahu ya kai. Kullen yana nan ta wata fuska, kasuwar tana nan, ɗan aiken ne ya canja. Ita kanta a-daidaita-sahun, wadda ta mamaye tituna bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, ita ce zaren da ya ɗinke unguwannin nan da Kwari da Sabon Gari da Kurmi, kuma rubuce-rubucen da ke bayanta da hirar da ake yi a cikinta adabi ne da yake yawo a gabanmu kullum. Littattafan soyayya da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980 da finafinan da suka biyo bayansu, waɗanda harkarsu ta yi sansani a titin gidan Zoo, falo da get da mota ne duniyarsu. Mun daɗe muna zarginsu da cewa ba sa nuna al'adar Bahaushe. Wataƙila suna nuna ta wani Bahaushen ne da ba mu je gidansa ba, ko aƙalla irin gidan da yake mafarki.

Saura mutum na uku, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba idan ana kwatanta birni da sababbin unguwanni, wato wanda aka tarar. Ƙasar da ake ginin nan a kanta ba daji ba ce. Ita ce karkarar da Michael Mortimore ya yi nazari a shekarun 1960, ƙasa mai cike da jama'a wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu, domin jakuna suna kai itace da amfanin gona birni su komo da toka da shara a zuba a gona a matsayin taki. Birni da karkararsa suna ciyar da juna. Yau jikan wancan manomi ya sayar da gonar, ya yi aure, ya je Makka, ya sayi babur, kuɗin ya ƙare. Wani ya zama dillalin fili, wani lebura, wani mai gadi a gidan da aka gina a kan gonar ubansa. Tsohon ƙauyen yana nan a tsakiyar unguwa, gidajen ƙasa 'yan kaɗan da tsohon masallaci da gidan mai unguwa, baƙi sun kewaye shi suna kiran mutanensa 'yan ƙauye. Dagacin da aikinsa a da shi ne haraji da rikicin iyakar gona ya koma mai sa hannu a takardar ciniki. A bakin waɗannan mutane akwai sunayen gonaki da fadamu da burtalai, da waƙoƙin daɓe da na niƙa, da Hausar karkarar Kano wadda ta bambanta da ta cikin gari. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo a tsakiyar irin wannan ƙasa yake zaune. Daga ofisoshinmu zuwa Rimin Gata tafiyar ƙafa ce.

Za a ce mini birni yana rushewa, ganuwa ta zama tudun ƙasa inda ba a gine ta ba, an cike kududdufai, karofi ya ragu, don haka gaggawar tana can. Na yarda akwai gaggawa, kuma ba na kiran kowa ya bar Kurmi. Sai dai birni yana da masu yi masa kuka: masarauta, da hukumar gidajen tarihi, da baƙi masu ɗaukar hoto, da kundaye masu yawa a ɗakunan karatunmu, wasu suna maimaita wasu. Tsohon da ya san inda rimin Rimin Kebe yake tsaye ba shi da kowa. Haka ita ma tsarar farko ta waɗanda suka fita, masu jiki a waje da zuciya a ciki, ba za a sake yin irinta ba, kuma yanzu ne ake iya zama da ita.

Akwai kuma dalilin da ya shafi ɗaliban kansu. Idan muka koya wa yaro cewa al'ada tana wani wuri da ba ya zaune, mun koya masa cewa Hausa kayan gidan tarihi ce, rayuwarsa ta yau kuma ba ta cancanci nazari ba. Irin wannan ɗalibi shi ne yake kwafo kundin wani a kan auren birni, domin bai taɓa ganin abin da yake rubutawa ba. A bara na matsa wa wata ɗaliba da take zaune a Sheka ta bar batun kayan ɗakin amarya a birnin Kano, ta tattaro mini sunayen layukan unguwarsu da yadda kowanne ya samu sunansa. Ta tafi ba da son ranta ba. Bayan mako uku ta dawo da littafin rubutu cike, da labarin layin da aka raɗa wa sunan mai shayin da ya fara kafa tebur a wurin tun ana noma gero a bayansa, da wani layin da yake da suna biyu domin 'yan asalin wurin sun ƙi karɓar wanda baƙi suka sa. Ta tambaye ni wanne za ta rubuta a matsayin sunan gaskiya. Na ce ta rubuta duka biyun, ta kuma koma ta tambayo su wa suke faɗin wanne, da shekarunsu, da inda aka haife su.